Filin Tambaya da Amsa: Sarrafa Na'urar Auna Ƙarfin Sauti Daga Kwamfuta

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun taru ne a kan abu guda, wato yadda mutum zai zauna gaban kwamfuta ya ba na'urar auna ƙarfin sauti umarni, ya kuma karɓi sakamakon awonta ba tare da ya tsaya a kanta ba. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni jami'in kula da lafiyar ma'aikata ne a wata masana'anta, kuma cikin aikina akwai auna ƙarar injuna. A halin yanzu sai na ɗauki na'urar na shiga zauren injunan, na danna maɓallin farawa, na jira, sannan na kwafe lambobin a takarda. Na lura akwai ramin kebul a gindin na'urar. Shin zan iya kafa ta a zauren in riƙa tayar da awo da tsayar da shi daga ofishina, wanda nisansa da zauren ya kai mita 60?

AMSA: Wa alaikumus salam. Abin da kake so yana yiwuwa, sai dai ganin ramin kebul a jikin na'ura bai isa hujjar cewa tana karɓar umarni ba. A jikin ƙananan na'urori da yawa za ka tarar da rami mai rubutun AC ko DC, kuma abin da ke fita ta nan wutar lantarki ce 'yar kaɗan mai hawa da sauka tare da ƙarar da makirufo ya ji, galibi milibolt 10 ga kowane desibel ɗaya (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a ramin DC. Irin wannan rami fitarwa kawai yake yi, ba ya jin magana. Akwai kuma na'urorin da ke da USB amma iyakar aikinsa shi ne kwashe abin da aka riga aka adana bayan an kammala awo, ko kuma zubo lambar da ke kan allo babu ƙaƙƙautawa. Wadda kake bukata ita ce mai magana ta fuska biyu, wadda kwamfuta za ta ce mata ta fara, ta tsaya, ta sauya saiti ko ta faɗi sakamako, ita kuma ta amsa.

Littafin na'urar ne zai raba gardama, kuma sau da yawa jerin umarnin ba ya cikin littafin da aka sa a kwali, yana cikin wata takarda daban da ake saukewa daga shafin kamfanin. Ya kamata ka sani cewa ƙa'idar duniya da ke kula da waɗannan na'urori, wato IEC 61672, magana take yi a kan ingancin awo da raba na'urori zuwa aji na 1 da aji na 2, ba ta tsara harshen da za su yi magana da kwamfuta ba. Saboda haka kowane kamfani da nasa harshen. Brüel & Kjær na Denmak, Rion na Japan, Svantek na Foland, Larson Davis na Amurka, kowannensu yana da manhajarsa da jerin umarninsa, kuma abin da ɗaya ya fahimta ɗayan ba zai ko motsa da shi ba. Wasu ma sun mayar da wannan dama ƙarin kaya da ake saye daban, kamar yadda kamfanin NTi Audio ya yi da na'urarsa XL2, inda karɓar sakamakon awo kai tsaye ta kwamfuta ke bukatar a buɗe wani zaɓi na musamman. Idan kamfanin da ya ƙera taka yana da manhajar sarrafawa, shawarata ita ce ka fara da ita kafin ka yi tunanin rubuta taka.

Nisan da ka ambata shi ne babban batu. Kebul na USB 2.0 ba a so ya wuce mita 5. Tsohuwar hanyar RS-232, wadda har yau tana jikin na'urorin awo da yawa, ana ƙiyasta mata kimanin mita 15. Biyun da za su kai maka mita 60 cikin kwanciyar hankali su ne kebul na Ethernet, mai kaiwa mita 100, da RS-485, wadda ke iya kaiwa mita 1,200 idan an rage gudun saƙo. Ita RS-485 tana aika saƙo ne ta wayoyi biyu da aka tufke tare, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu yake karantawa, don haka hayaniyar lantarki da manyan injuna ke watsawa ba ta cika rikita ta ba, abin da ya sa masana'antu ke son ta. Idan na'urarka RS-232 take da ita, akwai ƙananan akwatuna masu mayar da ita Ethernet ko RS-485. Idan USB ce kaɗai, mafi sauƙi shi ne a ajiye 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi kusa da ita, a haɗa su da gajeren kebul, sannan kai ka riƙa shiga ƙaramar kwamfutar daga ofis ta hanyar sadarwar masana'antar.

Akwai wani abin da ba ka tambaya ba amma ya shafi aikinka kai tsaye. Na'urar da aka kafa a wuri guda ƙarar wannan wurin take aunawa, ba ƙarar da ta shiga kunnen ma'aikacin da ke kai da kawowa tsakanin injuna ba. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya wuce desibel 85 a ma'aunin A, wanda ke kwaikwayon yadda kunnen mutum ke jin sauti, na tsawon sa'o'i 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato 88 sa'o'i 4, 91 kuma sa'o'i 2. Tarayyar Turai a dokarta ta 2003 ta sa matakan ɗaukar mataki a 80 da 85, iyaka kuma a 87. Duk waɗannan lambobi a kan mutum aka gina su, don haka ga ma'aikaci mai yawo, 'yar na'urar da ake maƙala masa a kafaɗa ta wuni da shi ita ce za ta ba ka amsar gaskiya. Kafaffiyar na'urar taka kuwa za ta yi maka amfani wajen gane lokacin da wani inji ya fara canza murya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin injiniya, ina aikin kammala karatu a kan auna hayaniya. Na haɗa na'urar sashenmu da kwamfuta ta kebul mai mayar da USB zuwa RS-232, na rubuta ɗan shiri da Python, amma wani lokaci babu amsa ko kaɗan, wani lokaci kuma sai wasu alamomi marasa ma'ana su cika allo. Ina matsalar take?

AMSA: Malama, barka kadai. Ki ajiye shirin da kika rubuta tukuna, ki buɗe wata sassauƙar manhaja irin Tera Term ko PuTTY, wadda ke aika duk abin da kika buga kai tsaye ta kebul, domin muddin ba ki samu amsa da hannunki ba, babu amfanin neman kuskure a cikin Python.

Alamomi marasa ma'ana albishir ne, domin suna nuna cewa wayoyin sun haɗu kuma na'urar tana magana. Mafi yawan lokaci gudun saƙo ne bai zo daidai ba, misali na'urar tana aika bit 9600 a sakan kwamfuta kuma tana saurare a 115200, sai ya zama kowace na ƙirga bugun a nata lokacin. Ki duba saitin sadarwa a cikin na'urar, ki daidaita gudun, ki kuma tabbatar da tsarin jera saƙo da ake rubutawa 8N1 (bit 8 na saƙo, babu bit na tantancewa, bit 1 na tsayawa), wanda shi ne aka fi amfani da shi. Idan kin daidaita komai amma alamomin na nan, to wataƙila na'urar ba rubutu take aikowa ba, lambobi ne a dunƙule waɗanda sai an warware su bisa tsarin da littafinta ya bayyana, kuma a irin wannan hali abin da kike gani daidai ne, fassara ce kawai ta rage.

Shiru kuwa ya fi yawan dalilai. A filogi mai tsinke 9 na ɓangaren kwamfuta, tsinke na 2 shi ke karɓa, na 3 shi ke aikawa, na 5 kuma shi ne na ƙasa. Wasu na'urorin suna son kebul miƙaƙƙe, wasu kuma sai wanda aka saɓa masa wayoyin 2 da 3, kuma daga waje ba a iya bambanta su da ido. Ga gwajin da nake yi wanda ba ya ɗaukar minti biyu: ki zare kebul daga jikin na'urar, ki ɗauki guntuwar waya ki haɗa tsinke na 2 da na 3 a bakin filogin, sannan ki buga haruffa a Tera Term. Idan haruffan suka bayyana a allo, kuma suka daina bayyana da zarar kin cire guntuwar wayar, to kwamfutar da direbanta da tashar COM da kika zaɓa, wato sunan da Windows ke ba mahaɗar kebul ɗin, duk lafiyarsu ƙalau, sai a koma kan kebul ɗin da ke tsakani ko kan na'urar kanta. Idan ba su bayyana ba, ki duba lambar tashar a Device Manager, domin Windows na iya sauya ta idan aka canza ramin USB, ki kuma tabbatar babu wata manhajar da ta riga ta riƙe tashar, tunda manhajoji biyu ba sa buɗe ta a lokaci ɗaya. A Linux tashar kan fito da suna irin ttyUSB0, kuma a Ubuntu da Debian sai an sa mai amfani cikin rukunin dialout kafin a ba shi izinin taɓa ta.

Abin da ya fi cinye wa ɗalibai kwanaki shi ne alamar ƙarshen layi. Na'urar ba za ta ɗauki umarni a matsayin kammalalle ba sai ta ga alamar da take jira, ko CR (komawa farkon layi), ko LF (sauka sabon layi), ko duka biyun a jere. Maɓallin Enter na saka wani abu daga cikinsu a manhajar gwaji, amma a pySerial, wato kayan aikin Python na magana da tashar, sai kin rubuta shi da kanki a ƙarshen kowane umarni. Ki fara da umarnin da ba ya canza komai. A na'urorin da suka bi salon SCPI, wani tsarin umarni na gama-gari ga na'urorin awo, umarnin *IDN? yana sa na'ura ta faɗi kamfaninta da samfurinta da lambarta, kuma idan wannan amsa ta fito, sauran aikin karatun littafi ne. A cikin shirinki ki riƙa jiran amsar umarni ɗaya kafin ki aika na gaba, ki kuma sa iyakar lokacin jira don kada shirin ya sandare idan amsa ba ta zo ba. Gargaɗi ɗaya: wasu ƙananan na'urori suna magana ne da wutar bolt 3.3 ko 5, ita kuwa RS-232 ta ainihi tana lilo tsakanin wutar da ke sama da sifili (+) da wadda ke ƙasa da shi (-) har sama da haka, don haka haɗa su kai tsaye na iya ƙona tashar.

TAMBAYA: Malam, na rubuta manhajar da ke tambayar na'ura lambar da ke kan allonta sau ɗaya a kowane sakan, tana zubawa a Excel. Bayan sa'a guda na ɗauki matsakaicin lambobin, sai na ga ya gaza abin da na'urar ta nuna a matsayin LAeq, wato matsakaicin ƙarar duk tsawon lokacin awon, da desibel kusan 6. Na'urar ce ta lalace ko lissafina?

AMSA: Na'urarka lafiya take, kuma wannan tambaya ta fi dukkan na yau muhimmanci a wurina, domin kuskure ne da ba ya nuna kansa, lambobin suna fitowa tsaf-tsaf kamar na gaskiya. Desibel ba irin lambar da ake tarawa a raba ba ce. Ma'auni ne na logaridim, inda ƙarin desibel 10 ke nufin ƙarfin sauti ya ninka sau 10, ƙarin 3 kuma ke nufin ya ninka sau 2, shi ya sa injuna biyu masu desibel 60 kowanne idan suka tashi tare 63 za a samu. Ɗauki misalin wurin da ya yi rabin sa'a a kan 60, rabin sa'a a kan 80. Lissafin tarawa da rabawa zai ba ka 70. Amma 60 na wakiltar ƙarfi miliyan 1 ne, 80 kuma miliyan 100, matsakaicinsu miliyan 50.5, wanda idan aka mayar da shi desibel zai ba da 77. Wannan 77 ita ce LAeq, kuma ita dokoki ke nema, domin ɗan lokacin da ƙara ta yi tsanani shi ke ɗauke da mafi yawan abin da ya isa kunne. Idan dole sai ka yi lissafin a kwamfuta, sai ka raba kowace lamba da 10, ka ɗaga 10 zuwa wannan sakamako, ka ɗauki matsakaicinsu duka, sannan ka ɗauki logaridim ɗinsa ka ninka da 10.

Ko da ka gyara lissafin, da sauran rina a kaba. Lambar da kake tambaya ta wannan lokacin ce kaɗai. A saitin F, wato mai sauri, na'urar na aiki da milisakan 125, kuma bayan ƙara ta yanke lambar na sauka da kusan desibel 35 a sakan. Ka ƙaddara an buga guduma jim kaɗan bayan manhajarka ta yi tambaya: kafin tambaya ta gaba ta zo, yawancin alamar bugun ta shuɗe, fayil ɗinka ba zai san an yi ba, alhali na'urar da ke lissafi babu yankewa ta riga ta sa shi a cikin nata jimlar. Ƙari a kan haka, Windows ba ta yi alkawarin cewa kowace tambaya za ta tafi daidai kan sakan ba.

Mafita ita ce ka bar wa na'urar lissafi. Ka saita ta ta riƙa fitar da LAeq na kowane sakan ɗaya ko na kowane minti, tare da lamba mafi girma ta wannan tsakani, kwamfuta kuma ta zama 'yar aike mai ɗauko abin da aka riga aka lissafa. Gajerun LAeq masu tsawo iri ɗaya ana iya haɗa su ta hanyar da na bayyana a sama a samu na sa'a ko na wuni ba tare da asarar komai ba. Ka sa manhajarka ta riƙa rubuta saitin da aka yi awo da shi a kan kowane fayil, ko ma'aunin A ne, ko sauran ma'aunan biyu, C da Z, ko F ne ko S, wato mai jinkiri, mai sakan 1, domin idan ana sauya saiti daga nesa abu ne mai sauƙi a manta, kuma lamba ba tare da saitinta ba ba ta da wata ma'ana. Haka nan ka riƙa ɗauko alamar da na'urar ke bayarwa idan ƙara ta fi ƙarfin zangon da aka sa ta, tunda mai tsaye a kanta yana ganin gargaɗin a allo, mai zaune a ofis kuwa sai ya tambaya.

TAMBAYA: Tunda kwamfuta da wayar hannu duk suna da makirufo, me zai hana a yi amfani da manhaja kawai a huta da sayen na'ura da kebul?

AMSA: Makirufon waya da na kwamfuta don magana aka ƙera su. Tsarin da ke bayansu yakan ɗaga sautin da ya yi ƙasa, ya danne wanda ya yi sama, ya kuma tace hayaniyar da ke kewaye, wato yana ɓata ainihin abin da ake son aunawa. Akwai hanyar tsakiya, ita ce makirufon awo mai shiga ta USB wanda ke zuwa da fayil ɗin gyaransa, kamar UMIK-1 na kamfanin miniDSP da ake amfani da shi tare da manhajar auna sautin ɗaki mai suna REW, kuma yana da kyau ƙwarai wajen daidaita lasifika a ɗaki ko gwaje-gwajen koyo. Amma sakamakon da za a gabatar wa hukuma ko kotu yana bukatar na'urar da ta cika sharuɗɗan aji na 1 ko na 2, gwargwadon abin da dokar wurin ta nema, mai ɗauke da takardar shaidar gwaji wadda wa'adinta bai ƙare ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, kamfaninmu na gini zai yi aikin watanni a kusa da gidajen jama'a, an kuma sharɗanta mana sa ido kan ƙarar aikin dare da rana. Muna so mu kafa na'ura a wurin mu riƙa ganin sakamako ta intanet. Me ya kamata mu kiyaye?

AMSA: Abu na farko, kada ku taɓa dogara da intanet ko kwamfuta a matsayin ma'ajiyar awo ta asali. Na koyi wannan ne da jikina. Na taɓa barin kwamfutar tafi-da-gidanka tana karɓar awon dare guda, na kashe adanawar cikin na'urar don ina ganin ba ta da amfani, sai kwamfutar ta sabunta kanta da tsakar dare ta sake tashi. Da safe na tarar na'urar na ta aikinta, lambobi na ta wucewa a allo, fayil ɗin kuwa ya tsaya tun kafin lokacin da aka aiko ni in auna. Ku bar na'urar ta riƙa rubutawa a katin ajiyarta ko da yaushe, abin da ke zuwa ta intanet ya zama kwafi, kuma ku zaɓi tsarin da zai cike giɓin da kansa idan sadarwa ta dawo. Ku kashe saitin da ke sa na'ura ta mutu da kanta don tanadin batir, ku hana kwamfutar da ke wurin yin barci ko yanke wa ramukan USB wuta, sannan ku gwada da gangan: ku zare wuta ku mayar, ku ga ko komai zai tashi ya ci gaba da awo ba tare da hannun mutum ba. Ku kuma sa tsarin ya sanar da ku idan saƙo ya daina zuwa, domin shirun na'ura da shirun wurin aiki ba abu ɗaya ba ne.

Game da sadarwa, idan layin wayar salula za ku yi amfani da shi, ku sani cewa kamfanonin waya galibi suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshin intanet guda, don haka ba kasafai ake iya kiran na'urar daga waje ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ita ta riƙa tura sakamako zuwa sabar, misali ta hanyar MQTT, wani tsarin aika gajerun saƙonni tsakanin na'urori, ko a haɗa ɓangarorin biyu da VPN, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro a cikin intanet. Kada ku buɗe tasharta ga duk duniya, kuma ku sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, domin yawancin jerin umarnin nan ba a gina su da tambayar wane ne mai magana ba, duk wanda ya isa tashar yana iya tsayar da awo ko goge shi.

Agogo ma abin lura ne. Idan wani maƙwabci ya ce an tashe shi da ƙarfe 2:10 na dare, agogon na'urar kuma ya zame da minti 7, za ku duba wurin da ba shi ba ku ce babu komai. Ku daidaita agogon kwamfutar da NTP, wato tsarin saita agogo ta intanet, ita kuma ta riƙa daidaita na na'urar. Ku yi lissafin yawan bayanai tun da wuri: layi ɗaya a kowane sakan ya kai layi 86,400 a wuni, shafin Excel kuwa iyakarsa layi 1,048,576, wato kwana 12 ya cika. Ɗaukar sautin kansa ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba, domin a ingancin samfuri 48,000 a sakan da bit 24 yana cin fiye da gigabayit 12 a wuni. Abin da aka saba yi shi ne a saita na'urar ta ɗauki 'yan sakanni kaɗan idan ƙara ta haura wani mataki. Wannan ɗan guntun sauti yana da daraja, domin lamba ba ta faɗin abin da ya yi ƙarar, sai an saurara za a gane ko injin haƙa ne, ko tsawa, ko tsuntsun da ya sauka a kan makirufo. Sai dai ɗaukar sauti kusa da gidaje na iya kama maganar mutane, don haka ku bincika abin da dokar kare sirri ta wurin ta tanada kafin ku kunna shi.

Akwai aikin da babu kebul ko intanet da zai yi muku shi. Makirufon da ke waje yana bukatar rigar kare iska da ruwa, kuma awon da aka yi lokacin ruwan sama ko iskar da ta wuce mita 5 a sakan yawanci ana ware shi, abin da ya sa ake kafa na'urar auna yanayi a kusa. Sannan sai mutum ya je da ƙafarsa ya ɗora 'yar na'urar daidaita awo a kan makirufo, wadda ke fitar da sauti mai kaɗawa sau 1,000 a sakan a kan desibel 94, daidai da matsin faskal 1. Ana yin haka a farkon awo da ƙarshensa da kuma lokaci-lokaci a tsakani, kuma idan bambancin ya haura rabin desibel, awon da ke tsakanin gwaje-gwajen biyu ya shiga shakka. Wasu tashoshin awo suna iya gwada kansu da siginar lantarki bisa umarni daga nesa, kuma hakan na taimakawa wajen gano lalacewa da wuri, amma ba ya ganin rigar makirufon da ta jiƙe ko ta yage, ko tarin kayan gini da aka jingina a gabansa.

TAMBAYA: Malam, ina awo a wani ɗakin naɗar sauti mai shiru sosai. Da zarar na haɗa na'urar da kwamfuta sai lambar ta ƙaru da desibel 2 ko 3. Mene ne dalili?

AMSA: Dalilai biyu ne suka fi yawa, kuma raba su ba wuya. Na farko shi ne sautin kwamfutar kanta, musamman fankarta, wanda kunne ya saba da shi har ya daina ji amma makirufo bai saba ba. Na biyu shi ne hayaniyar lantarki da ke bin kebul ta shiga na'urar, mafi yawa daga cajar kwamfuta, kuma a ɗaki mai shiru na'urar na aiki ne kusa da ƙarshen abin da take iya ji, inda ɗan ƙaramin kutse ke bayyana. Ka bar kwamfutar a kunne a inda take, ka zare kebul ɗin da ke tsakaninsu. Idan lambar ba ta sauka ba, fanka ce, sai ka fitar da kwamfutar daga ɗakin ka ja kebul ta ƙarƙashin ƙofa, wanda zai kuma raba makirufon da numfashinka da motsin tufafinka. Idan ta sauka, ka mayar da kebul ɗin ka zare caja, kwamfutar ta koma kan batir. Idan hakan ya gyara lamarin, ko dai ka riƙa awo a kan batir, ko ka sa akwatin raba wuta na USB a tsakaninsu, sannan ka sake gwajin da caja a jone ka tabbatar lambar ta tsaya inda take.